Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu situdiyon kiɗa na garin Kaduna

Assalamu alaikum iyayen gidana da yayyena masu situdiyo, na Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da Kawo, har da ku na ƙetaren gada, Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha. Ya aiki, ya fama da rashin wuta da tsadar man janareta? Allah ya kawo kasuwa mai albarka.

Ni ƙaninku ne, makaho ne, shekarata 26. Wannan rubutun da kuke karantawa ni na buga shi da yatsuna a laftof ɗina, ba wanda ya zauna kusa dani yana rubuta min, kuma da gangan na fara da faɗin haka saboda duk maganar da zan yi a kansa ta ta'allaƙa. Idona ya tafi ina ɗan shekara 13, hawan jinin ido ne, lokacin da aka kai ni asibitin ido na ƙasa da ke nan Kaduna likita yace jijiyar ta riga ta lalace, sai haƙuri. Alhamdulillahi ala kulli halin. Kafin nan na ga duniya daidai gwargwado, na san yadda sikirin ɗin kwamfuta yake, na san ƴar kibiyar nan da ke yawo in an motsa maus, toh kunga in nayi maganar abin da kuke gani a gabanku ba shaci faɗi nake ba.

Bari in fara da abin da ya faru dani a wani situdiyo, bazan faɗi sunan wurin ko unguwar ba don mai wurin mutumin kirki ne kuma har yau muna gaisawa. Wani abokina mai bege ne ya tafi dani in yi masa amshi, muka gama ɗora murya muka zauna a kafet ana ta maimaita waƙar a sifika, sai naji a baiti na uku amshinmu ya shigo a makare kaɗan, kuma kalangun da aka buga a fiyano yana danne muryar jagoran duk inda ya sauko ƙasa. Nace oga don Allah a koma wajen nan. Ya koma, yayi shiru, yace kai Malam kunnenka na da kyau fa, ya gyara. Daɗin da naji a ranar ne ya bani ƙarfin halin da bayan kowa ya fita na tsaya nace masa inaso ya ɗauke ni yaron shago, in riƙa shara ina naɗe waya ina koyon aikin. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace, Malam ai wannan aikin ido ne, komai a sikirin yake, in dai waƙa kake so ka zo ko yaushe in ɗora maka kyauta. Da zan fita ya kamo hannuna ya danƙa min ɗari biyar.

Wallahi tallahi ɗari biyar ɗin nan ta fi maganar yi min ciwo. Na san da zuciya ɗaya ya bani, amma ni aiki naje nema, sai na dawo gida da sadaka a hannu. A cikin keke har muka iso layinmu ban iya cewa abokina uffan ba.

Kuma gaskiya ɗaya ce, a ranar yana da rabin gaskiya. Manhajar da ke kan kwamfutarsa, da irin waɗanda suka fi yawa a situdiyoyinmu, kun san su ba sai na kama suna ba, an gina su ne kamar zane, maɓallan da kuke murɗawa da maus duk hoto ne aka zana, babu rubutun da ke bayansu da zai gaya wa wata manhajar cewa wannan shine na ƙara murya wannan shine na rikodin. Mu kuma da sikirin rida muke aiki, wato manhajar da ke karanta abin da ke kan sikirin ta faɗe shi da murya. In an rubuta sunan maɓalli a inda ya kamata zata faɗa, in hoto ne kawai sai tayi tsit, ko tace maka ga taga nan amma bata san me ke ciki ba. Toh rabin da bai sani ba, kuma nima a lokacin ban sani ba, shine ba duka manhajojin rikodin ne haka ba.

Sikirin ridar da nake amfani da ita sunanta NVDA, kyauta ce ko sisi ba a biya, wasu makafi biyu ne ƴan Ostireliya suka yi ta, Michael Curran ya fara a 2006 sai James Teh ya shigo suka ci gaba tare. Akwai JAWS ita ma tana da ƙarfi amma kuɗinta ba na talaka bane. Masu Mac da iPhone suna da VoiceOver a ciki tun daga kamfani, masu Android kuma TalkBack, ita ce wadda kuke ji tana surutu da sauri a wayoyinmu kuna tambaya wai wane yare take yi. Turanci ne, gudun muka ƙara mata saboda kunne ya saba. Shi James Teh ɗin nan mawaƙi ne kuma, yana son yin rikodin da kansa, shine ya rubuta wani ƙari da ake kira OSARA wanda ake ɗorawa a kan manhajar rikodin mai suna REAPER, shima kyauta. REAPER ta kamfanin Cockos ce a Amurka, wanda ya kafa shi Justin Frankel shine ya yi Winamp da manyan cikinku suka sha jin waƙa da ita a da. Cikakkiyar manhaja ce irin wadda kuka sani, tirak, wato layin da ake ɗora kowace murya ko kiɗa daban, ko nawa kake so, MIDI na rubuta bugun fiyano a kwamfuta, miksin na haɗa sautuka, mastarin na gogewar ƙarshe, komai. Abin da OSARA ke yi shine ta ba REAPER baki, duk inda ka taɓa sai ta gaya wa NVDA ita kuma ta faɗa maka a kunne.

Wani ɗan uwa makaho ne a wani gurup ɗinmu na WhatsApp ya fara turo min sautin yadda yake aiki da ita, na saurara ya fi sau ashirin a daren, ban yi barci ba. Laftof ɗin da nake da ita ta hannu ce, yayana ya saya min, batirinta sai a hankali. Na sa data na sauke REAPER, ko megabayit 20 bata kai ba, na ɗora OSARA, na buɗe. Madannin farko da aka ce in riƙe shine F12, in ka danna shi sai duk madannin da ka taɓa a kibod ya gaya maka aikinsa ba tare da ya aikata ba, haka na zauna sati guda cur ina bin kibod ɗaya bayan ɗaya kamar yaro na bin allo da tsinke, har suka zauna min a ka.

Inaso ku ɗan zauna kusa dani ku ji yadda aiki yake tafiya, don na san a nan ne shakkunku yake. A watan Maulidin da ya wuce wani ɗalibin Islamiyyar unguwarmu ya zo da ƙasida yanaso a ɗora masa, a ɗakina muka yi, na rataya bargo biyu a bango saboda amsa kuwwa. Na danna kontirol da T, sabon tirak ya buɗe, na sa masa suna jagora. Na danna F7 muryar tace min tirak ya shirya ɗauka. Nace masa ja min baitin da kafi ɗaga murya a ciki, yana ja ina danna madannin da ke faɗa min ƙarfin sautin a lamba, wannan jan da koren da kuke kallo yana hawa yana sauka ni lambarsa ake karanto min, naji ya kusa taɓa sifili sai na rage masa a jikin sawun kad, na'urar da ke haɗa maik da kwamfuta, har ya dawo inda ba zai fashe ba. Na danna R muka shiga. Da muka gama akwai inda yayi gyaran murya tsakanin baiti na biyu da na uku, ƴar ƙaramar kakin nan da ba a so. Ku da ido kuke nemo ta a jikin zanen sautin ku ja maus ku yanke. Ni kibiyar dama na riƙe, sautin na tafiya a hankali a kunnena kamar ana jan kaset da yatsa, da naji bakin kakin na tsaya na danna S ya tsaga, na matsa gaba kaɗan inda ya ƙare na sake danna S, na zaɓi guntun na goge. Na koma baya na danna sifes muka saurara tare, yaron yace Malam ina tarin ya tafi? Duka abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Amshi kuwa tirak huɗu muka jera, kibiyar sama da ta ƙasa ke kai ni daga wannan zuwa wancan tana kiran sunan kowanne, F5 in kashe wanda bana son ji, F6 in ware ɗaya shi kaɗai. Na sa ReaEQ na rage masa ƙugin ƙasa, na sa ReaComp mai daidaita ƙarfin murya, inda ya ɗan zame daga kan murya na taɓa shi da ReaTune kaɗan don ƙasida bata son a cika mata gyaran nan har ta koma kamar ta inji. Duk waɗannan a cikin REAPER suke zuwa, kuma kowane maɓallinsu ana karanto min sunansa da lambarsa.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Yaron ya fara lalube yana neman fitilar waya, ni kuwa hasken sikirin ɗina dama a ƙasa yake ƙarshe don bana buƙatarsa, shi yasa ma batirin ke ɗan kai ni, muka ƙarasa aikin a cikin duhu ya tafi da abinsa a waya. Dubu uku ya biya ni. Ita ce kuɗin farko da na samu da wannan sana'ar kuma na kai wa mahaifiyata ta sa min albarka.

Kiɗa ma haka. Ina haɗa fiyano da kwamfuta in buga da hannu, in wani bugun ya kauce sai in shiga wajen gyaran MIDI, kibiya na kai ni daga sauti zuwa sauti, ana buga min shi inji kuma a faɗa min sunansa, in ɗaga shi ko in sauke ko in matsar. Ban ce na kai ku ba, ni ɗan koyo ne kuma abin da ya fi damuna kenan. Manhaja ta buɗe min ƙofa amma manhaja bata koya wa mutum yadda ake zaunar da kalangu da bes su daina faɗa, bata koya maka yadda zaka lallaɓa mawaƙin da muryarsa ta gaji ya sake ɗauka karo na goma ba tare da ransa ya ɓaci ba, ko yadda ake tsadance aiki da ɗan siyasa ka karɓi kuɗinka kafin ya ɓace. Wannan a wajenku yake, a zama kusa da oga ake samunsa, kowannenku haka ya koya, wani ya taɓa ce muku zauna nan ka kalla. Mu kuma ba wanda yake ce mana zauna nan ka saurara.

Ba zan ɓoye muku wahalhalun ba don kar ku ɗauki wani ku ce an yaudare ku. Na ɗaya dai wata ukun farko zai yi jinkiri sosai, yana haddace madannai ne, sai kun yi haƙuri. Sannan akwai matsalar da ta kusa sa ni haƙura tun farko, in kwamfuta sawun kad ɗaya gare ta kuma direban ASIO, ƙaramar manhajar da ke haɗa sawun kad da manhajar rikodin, ya kama shi shi kaɗai, muryar sikirin rida sai ta ɗauke ɗif, ka zauna gaban kwamfuta kamar an kulle ka a ɗaki. Maganin mai sauƙi ne, kiɗa ya bi ta sawun kad ɗin situdiyo, muryar NVDA kuma ta bi ta na jikin kwamfutar zuwa ƙaramin iyafis a kunnen yaron, shikenan mawaƙi ba zai ji ta ba, bata fita a sifika, bata shiga rikodin. Na san wasunku abin da suke tsoro kenan, wai kwastoma na rera waƙa wata baturiya na surutu a gefe. Ba a jin ta in an saita daidai.

Wadda har yau take ci min tuwo a ƙwarya ita ce ta fulogin na waje, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ƙarawa, waɗanda ake saya ko ake saukewa daban. Da yawansu OSARA na iya jero maka maɓallansu ta bayan fage ka murɗa da kibod, amma wajen zaɓen sauti ko wajen rajista sai ka tarar da taga wadda ba abin da ke magana a cikinta. Akwai daren da na kai ƙarfe ɗaya ina fama da wata taga irin wannan, na sa NVDA ta ɗauki hoton sikirin ta karanto rubutun ciki, tana iya wannan, ta karanto rabi ta bar rabi, ƙarshe sai da na jira asuba ƙanwata ta tashi sallah nace zo ki duba min, tace Yaya ai wani ɗan akwati ne kawai ake so ka danna ka yarda. Daƙiƙa biyu ta yi ta wuce. Na rasa awa biyar a kan abin da wanda ke zaune kusa dani zai yi min da yatsa ɗaya, kuma a situdiyo kullum akwai wani kusa. Aikin da ya haɗa da hoto, irin daidaita sauti da bakin ɗan fim, shima sai da mai ido a gefe, wannan ban musa ba. Wani abin kuma muryar turanci take ji, in na sa wa tirak suna da Hausa sai ta murɗe shi, ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu bata san inda zata sa su ba, amma kunne na sabawa.

Ba REAPER kaɗai ba ce, don kar a ce talla nake. Masu Mac suna aiki da Logic Pro da VoiceOver, akwai makafin injiniyoyi da ke aiki da Pro Tools da taimakon wani ƙari mai suna Flo Tools, Ableton na ƙasar Jamus ma da suka fitar da Live 12 a 2024 sun sa mata hanyar aiki da sikirin rida, Audacity kuwa kyauta ce kuma ta isa yankan murya da gyaran shirin rediyo. Na fi nanata REAPER ne saboda ita ce daidai aljihunmu da irin kwamfutocinmu, bata da nauyi, tsohuwar laftof ma na ɗaukarta. Ana gwada ta kwana 60 cikakkiya ba a rage komai ba, lasisinta dala 60 ne ga mutum ɗaya ko ƙaramar sana'ar da abin da take samu a shekara bai wuce dala 20,000 ba, manyan kamfanoni kuma dala 225. Kuma ba sai kun cire taku da kuka saba da ita ba, su zauna tare a kwamfuta ɗaya ba ruwan wata da wata. Kai ana ma iya sa NVDA da REAPER ɗin a filashi, yaro ya zo da abinsa a aljihu ya soka yayi aiki ya zare ya tafi. In ya gama ɗaukar murya da yanka ya fitar muku da kowane tirak daban, ku ja su cikin taku manhajar ku ƙarasa.

Abin da ke bani mamaki shine mu Hausawa bamu taɓa shakkar makaho a harkar murya ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ya yi Imfiraji, har jami'ar Ahmadu Bello ta bashi digirin girmamawa, iyayenmu da kakanninmu sun haddace baitocinsa. Ga Yahaya Makaho nan a zamaninmu kowa ya san shi. A makarantun allo kuwa alarammomi makafi nawa ne suka riƙe izu sittin suna gyara wa masu ido karatu? In makaho ya tsaya gaban maik kowa sai yace masha Allah baiwa ce. Amma kujerar nan mai juyawa da ke gaban kwamfuta, ita ce aka ce ba tamu ba ce. A Legas akwai Cobhams Asuquo, da makanta aka haife shi, shi ya yi furodusin ɗin kundin mawaƙiya Asa na 2007 wanda ya zagaya duniya, mawaƙa masu ido biyu ne ke bin layi wajensa. Me zai hana a samu irinsa daga Rigasa ko Badarawa? Ku da kanku in kuna son tabbatar da miksin ya zauna ai lumshe ido kuke yi ku jingina da kujera, na sha jin kuna faɗa wa yaranku ku daina kallon sikirin ku saurara.

Kuma aikin kunne zalla ya yi yawa a garin nan, ku kun fi ni sani. Tallar magani da ta makaranta da ake kaiwa gidajen rediyo, sanarwar biki, karatun littattafan Hausa da ake zubawa a YouTube awa da awanni, tafsirin azumi da ake ɗauka a masallaci cike da ƙarar fanka da janareta ana neman mai tace shi, ƙasidun Maulidi, waƙoƙin coci na ƴan uwanmu da ke kawo muku aiki daga kudancin gari. Da yawa irin wannan aikin ture shi kuke yi gefe don ya cika cin lokaci kuɗinsa kaɗan, ko ku ba yaron da hankalinsa na kan waya. Ku gwada ba wanda zai zauna awa uku bai ɗaga kai ba.

Tun 2015 ake maganar hana bara a jihar nan, an kama mutane an kwashe, mu ma da bama bara in muka tsaya bakin titi jiran keke kallon da ake mana kenan. A watan Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, dokar ma ta ce a ware musu kashi 5 cikin ɗari na aikin gwamnati. Toh madalla, amma mu nawa ne gwamnati zata ɗauka? Yawancin matasan Kaduna a shago suka koyi abin da suke ci da shi, wajen tela, wajen kafinta, wajen mai gyaran waya, wajenku. Ni ban zo muku da doka ba kuma ba zan kai ƙarar kowa ba. Na zo ne a matsayin ƙani da ke roƙon yayyensa.

Roƙon kuwa shine kowane situdiyo da ke da hali ya ɗauki makaho ɗaya ko makauniya ɗaya a matsayin ɗan koyo, kamar yadda kuke ɗaukar kowa, da sharuɗɗan da kuke gindaya wa kowa. In ya makara ku yi masa faɗa, in ya ɓata aiki ku sa shi ya sake, kar ku ce a ƙyale shi bawan Allah ne, wannan tausayin shi ke kashe mu. Na ambaci mata da gangan, akwai ƙannenmu da suka gama sakandare suna zaune a gida, sun iya kwamfuta sun fi ni ma, kuma mata masu amshi da masu karanta littafi da yawa zasu fi sakewa in mace ce ke ɗaukarsu. Ba lallai kullum ba, ko safiya biyu a sati kafin kwastomomi su fara zuwa, lokacin da kwamfutar ke zaune ba mai taɓa ta.

Sai ƴan ƙananan abubuwa da ba kuɗi suke ci ba. Ranar farko ku kama hannunsa ku zagaya da shi ɗakin, ga sawun kad, ga inda wayar maik ke shiga, ga soket, ga matakalar shiga ɗakin murya, sau ɗaya ya isa. Bayan nan abin da kawai yake buƙata shine a daina canza wa kaya wuri ba a faɗa masa ba, kuma a daina barin waya a miƙe tsakiyar hanya ko ƙofa rabi a buɗe, ni goshina ya san ƙofofin situdiyo da yawa. In kuna nuna masa abu kar ku ce danna nan sai ka ja can, ku kira abin da sunansa, ku ce rage sautin wajen hatiz dubu uku da disibel biyu, zaku ga ku ma bakinku ya ƙara kaifi wajen koyar da sauran yaran. In kwastoma ya shigo ya ganshi a kujera ya fara jan ƙafa, kalma ɗaya daga bakin oga ta isa, kace yarona ne ya iya, zauna. In kuwa kuka yi shiru to shikenan an gama da shi.

Ku ma shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa da masu kiɗa na jiha, don Allah in kun tashi shirya bita ko horaswa ku tuna damu, ku nemi reshen ƙungiyar makafi ta Najeriya na nan Kaduna ku ce su turo matasa biyu ko uku, kuma a tanadi kwamfuta ɗaya da aka sa wa NVDA.

Nasan akwai wanda zai karanta duk wannan yace har yanzu bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba don ji ba ya kai gani a wajenku. Toh ga abin da nake nema, mutum ɗaya a cikinku ya bani awa biyu ranar Asabar da safe. Zan zo da filashina da iyafis ɗina, ku kawo mawaƙin da kuka ga dama da kiɗan da kuka riga kuka buga, ku kashe sikirin ɗin gaba ɗaya ko ku juya shi ya kalli bango, in ɗauki muryar jagora da amshi in yanka in jera in miƙa muku. Ku saurara da kunnenku na sana'a, in akwai gyara ku faɗa min a gaban kowa, dama shi nazo nema. Oga na ranar nan ma, in wannan ta iso gare ka, kai nafi so ka fara kirana, na san har yanzu kana da lambata.

Nagode da haƙurin karantawa, Allah ya bar zumunci.

Naku,
ƙaninku daga Tudun Wada, Kaduna.